Tsohon Hedimasta da Sinanci: Ta Ina Zai Fara?

Wani dattijo ne ya aiko mini da tambaya daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Tsohon hedimasta ne, shekararsa 63, ya ajiye alli ya koma gonarsa ta riɗi. Babban ɗansa yana zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kayan sola, kuma ya yi masa alkawarin wata rana za su je tare. Shi kuwa ba ya son ya je ƙasar mutane ya zama kurma, don haka ya ƙudiri niyyar koyon Sinanci. Da ya faɗa a majalisa sai aka yi ta dariya, har wani ya ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayarsa uku ce: zai yiwu a shekarunsa, ta ina zai fara, kuma dole ne sai ya haddace rubutun nan nasu mai kama da tonon kaza?

Malam, Allah ya ƙara girma. Zai yiwu. Na yi karatu a ƙasar Sin, na kuma yi shekaru ina tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da Sinawa, don haka ba zan ɓoye maka nauyin kayan ba. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Sinanci a sahun mafiya wuya ga mai jin Turanci, ta ƙiyasta awa 2,200 na zaman aji kafin mutum ya iya aiki da shi sosai. In kana ba shi rabin awa kullum, a shekara ka tara awa 180 da 'yan kai. Ka yi lissafin da kanka, kai malami ne. Amma wa ya ce aikin jakada za ka yi? Abin da kake nema shi ne ka gaisa, ka yi ciniki, ka tambayi hanyar masallaci, ka ce ba ka cin kaza-da-kaza, ka gane in ana maganar kuɗi. Wannan ɗan kaya ne. A jarrabawar Sinanci ta HSK, a tsarinta mai hawa 6, hawan farko kalma 150 ne, na biyu 300, na uku 600. Kalma 300 da suka zauna daram a baki sun ishe ka wannan tafiya, kuma shekara ɗaya ta isa a tara su ba tare da an takura ba. Ka rubuta a bangon littafinka abin da kake son ka iya faɗa ranar da ka sauka daga jirgi. Duk darasin da bai kai ka can ba, ka ɗage shi.

Sai abin da 'yan majalisa ba su sani ba. Babban abin da ke kayar da Turawa a Sinanci, kai da shi aka haife ka, wato karin sauti. Ka faɗi kuka ta miya, ka faɗi kuka na mai jin zafi. Ka faɗi wuya mai ɗaukar kai, ka faɗi wuya kishiyar daɗi. Fata ta akuya, da fata na alheri. Baƙaƙe da wasula iri ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kawai suka raba su, kuma ba ka taɓa cewa a kaɗa maka miyar hawaye ba. Bature sai ya yi watanni kafin kunnensa ya yarda cewa irin wannan bambanci yana canza ma'ana. Kai kunnenka ya yarda tun kana goye.

Sinanci na da karin sauti 4, da wani ɗan sassauƙa da ake sakin sa ba nauyi. Misalin da kowane malami ke farawa da shi shi ne ma. In ka ɗaga murya ka miƙe ta a sama, mā, uwa ke nan. In ka taso da ita daga tsakiya zuwa sama, má, wata shuka ce dangin rama. In ka nutsar da ita ƙasa ta ɗan taso, mǎ, doki. In ka sako ta daga sama da ƙarfi, mà, zagi. Biyu daga ciki naka ne tuni. Na farko shi ne sautin sama na Hausa, sai dai ka ɗan ja shi. Na huɗu shi ne faɗau, irin na kai da ake ɗora wa hula. Na uku ma, a tsakiyar zance Sinawa ba sa tsayawa lanƙwasa shi, ƙasa kawai suke ajiye shi, ya zama kamar sautin ƙasa namu. Na biyun ne baƙo, domin Hausa ba ta da gaɓa mai tashi a cikin kalmominta. Amma ka tuna yadda kake cewa "iye?" in an faɗa maka abin da ba ka ji da kyau ba. Wannan tashin shi ne.

Ga wanda ya taɓa kunyata ni. Saye a Sinanci mǎi ne, sayarwa kuma mài. Watan farko da na je, sanyi ya matsa mini, na shiga wani shago neman bargo. Na gyara tsayuwa na ce wa matar ina son in sayar da bargo. Ta leƙa hannuna na dama, ta leƙa na hagu, ta leƙa bayana, tana neman inda bargon yake. Na sake faɗa da ƙarfi, ta girgiza kai alamar ba ta saye. Sai da na rungume wani bargo na zaro kuɗi sannan ta fashe da dariya. A daren na samo dabarar da har yau nake ba ɗalibai. Ka faɗi mai na girki, man gyaɗa ko manja: muryar faɗowa take yi, wannan shi ne mài, kuma mai ai sayar da shi ake yi. Ka faɗi mai na cikin mai gida: muryar a ƙasa take, wannan shi ne mǎi, kuma mai gida shi ke cefane. Tun daga ranar ban sake sayar da bargon da ba ni da shi ba.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce: da kunne da baki za ka fara, ba da ido ba. Wata uku na farko kada ka kula rubutunsu. Ka riƙe pinyin, wato hanyar rubuta Sinanci da baƙaƙen boko da gwamnatinsu ta amince da ita a 1958, wadda yaransu ma da ita suke fara karatu. Matsayinta kamar babbaƙu da farfaru ne, ba a tsallake ta. Sai dai akwai tarko a ciki, kuma ya fi kama wanda ya ƙware a karatun Hausa irinka. Idonka zai ga c ya karanta ta kamar ta ciki ko cokali, alhali a pinyin ta fi kusa da ts mai fitar da iska: cài, wato ganye ko abincin da aka dafa, kusan "tsai" ake faɗa. Wadda ta yi kusa da c ɗinmu ita ce q, shi ya sa qián, kuɗi, ke fita kamar "ciyen". Ita kuma x tana kusa da sh, kamar a xièxie, na gode. Akwai wani wasali, ü, da ba mu da shi: ka ce "i", kada ka motsa harshe, ka tsuke leɓe kamar mai shirin fito.

Wanda ya fi damun mu shi ne p da f, tun a Turanci ma ka san yadda muke fama da su a aji. A Sinanci fàn abinci ne, pàn kuma ɗoki ko sa rai. Ka yagi 'yar takarda ka riƙe ta a gaban bakinka. Ka ce bà, kada ta motsa. Ka ce pà, leɓe a haɗe sannan ka sake su da iska, sai ta yi tsalle. Ita f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ka sa jikokinka su riƙe takardar su zama alƙalai, za su yi maka tsanani fiye da kowane malami.

Nahawu ba zai ba ka wahala ba, ba zan daɗe a kansa ba. Babu jinsi a sunaye, shi da ita duk tā ne a furuci. Babu tarin jam'in nan namu da ke sa baƙi kuka, gida gidaje, doki dawaki, sarki sarakuna. Aikatau ba ya sauya kama. Jerin jimla irin namu ne: wǒ hē chá, ni sha shayi. Shayin ma asalin sunansa daga chá ya taso, ya bi ta bakin Farisawa da Larabawa ya iso mana. In za su ƙirga abu sukan sa wata 'yar kalma tsakanin adadi da abin, wadda ta fi yawa ita ce ge, ka ɗauke ta kamar guda: sān ge rén, mutum guda uku. Uba bàba, uwa māma, ka samu biyu kyauta.

Ƙirga ce nake so ka tsaya a kanta, domin nan ake asara. Zuwa 99 sauƙi ne: shí yī goma sha ɗaya, èr shí goma biyu, wato ashirin, kamar yadda kakanninmu ke cewa gomiya biyu. Amma da an haura sama, mu da dubu muke ƙirga, su kuma suna da wàn, wato 10,000. Dubu ɗari a wurinsu wàn goma ne, miliyan kuma wàn ɗari. Na ga ɗan kasuwa mai wayo ya rikice a nan, sifili ɗaya ya ɓace masa a ka. Sannan huɗu sì ne, goma shí, kuma mutanen kudancin ƙasar, inda Guangzhou take, da yawansu ba sa bambanta s da sh a bakinsu. Abin da ya rage ya raba 4 da 10 shi ne karin sauti, ɗaya na faɗowa, ɗaya na tashi. Ko ka ƙware, in maganar kuɗi ce ka miƙa waya a danna maka adadin ka gani. Su ma haka suke yi.

Ka yi kukan mantuwa a wasiƙarka, ka ce abin da ka karanta da safe kafin la'asar ya gudu. Gaskiya ne sabon abu ba ya kama ƙwaƙwalwar dattijo da saurin da yake kama ta yaro. Amma mantuwa ba da tsufa ta fara ba. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kansa ya wallafa a 1885, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace a farkon lokaci yake zubewa, kuma in ana waiwayarsa da tazara sai zubar ta ragu. Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ba a ƙara sabo sai an biya na jiya, kuma tishi ba ya yankewa. Wannan tsarin za ka ɗauko kacokan.

Ka yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana. A fuska ɗaya Hausa, a ɗayar pinyin da alamar sautinsa, domin kalmar da aka haddace ba sautinta rabin kalma ce. Ka samu gwangwanin madara uku. Sabuwar kalma tana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum. In ka tuna ta ba gargada, ta koma na biyu, na bayan kwana uku. In ta tsira a nan, ta koma na uku, na mako-mako. Duk wadda ta kufce maka, ko daga ina, ta dawo na farko. Kalma biyar a rana ta isa, kada zumuɗin makon farko ya sa ka ɗebo ashirin. Alhamis da Juma'a kada ka ƙara sabo, tishi kawai, kamar yadda aka saba. Kuma da murya za ka yi, ba a zuci ba. Ɗalibaina manya sun fi yara naci da fahimtar ƙa'ida nesa ba kusa ba, amma kunya ke cin su, sai su riƙa karatu a ciki kamar masu lazimi. Harshen da sauti ne jarinsa ba a koyon sa baki rufe. In kunyar iyali kake ji, gona tana nan, riɗi ba ya dariya.

Lokaci kuwa, minti ashirin bayan ka idar da azkar ɗin safe, kafin gida ya tashi, sai minti goma na sauraro kafin barci. Da damina ko lokacin yankan riɗi, in aiki ya yi yawa, ka bar sabon karatu gaba ɗaya ka riƙe gwangwanaye kawai. Rabin awa kullum ta fi awa huɗu ranar Lahadi. Kuma ka fi ba jimla ƙarfi a kan kalma tilo: duōshao qián, nawa ne, tài guì le, ya yi tsada, piányi yìdiǎn, a rage, wǒ tīng bu dǒng, ban gane ba, qǐng màn yìdiǎn, don Allah a hankali. Wannan ta ƙarshe za ta yi maka aiki fiye da kalma hamsin.

Sai rubutun. A'a, ba dole ba ne ka haddace shi duka. Mai son karanta jarida yana buƙatar harafi wajen 3,000, kai kuwa ɗari ɗaya ko biyu sun ishe ka karanta allunan hanya da na shaguna. Kuma ba tonon kaza ba ne, gini ne da tubala. 人 mutum, ga ƙafafunsa biyu. 口 baki. 木 bishiya, biyu 林 kurmi, uku 森 dokar daji. Mafita 出口, mashiga 入口, duk da baki a ciki. Mace 女. Namiji 男, kuma ka dube shi da kyau: gona 田 a sama, ƙarfi 力 a ƙasa. Manomi ba zai manta wannan ba, kuma harafin mace da na namiji su ne a ƙofar bayi. Yawancin haruffan kashi biyu ne, ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna furuci: uwa 妈 mace ce a hagu, doki 马 a dama, ba don an raina uwa ba, sai don a tuna maka cewa ma ake faɗa. Ɗigo uku a gefen hagu alamar ruwa ne, za ka gan su a kogi 河, teku 海, da mai 油.

Ka tabbata sauƙaƙaƙƙen rubutu kake koyo, wanda babban yankin ƙasar ya fara komawa kansa tun 1956. Taiwan da Hong Kong suna kan tsohon, mai yawan zane. Kuma a yau gane harafi ya fi iya zana shi amfani, domin a waya pinyin ake bugawa, haruffa su fito ka zaɓa. Duk da haka ina son ka riƙa zana kaɗan, hannu yana taya kai riƙo. Allonka na da ya isa, ko ƙasar tsakar gida da tsinke. Daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. A lambunan shaƙatawa na biranensu na sha tsayawa kallon tsofaffi sa'anninka da dogon buroshi da bokitin ruwa, suna rubutu a kan daɓe. Kafin su kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe, su koma su sake. Ranar da na fara gani, wankin allo ne ya faɗo mini a rai.

Kayan aiki ba su da yawa. A wayarka ka sa ƙamus ɗin Pleco, yana aiki ba intanet, sai manhaja ɗaya ta darasi kamar HelloChinese. Ɗaya, ba biyar ba. Da Turanci suke bayani, wannan kuma ba matsalarka ba ce. Ranar da ka shiga Gumel inda sabis ke da ƙarfi ka sauke darussan sauti na mako biyu ko uku. Caji kuwa, uban mai sayar da sola ba ya kukan caji. Ka ƙara girman rubutun wayar, domin ɗigo ɗaya na raba harafi da harafi. In ka lura kana yawan cewa a maimaita maka magana, ka je a duba kunnenka. Tsufa siraran sautuka yake fara ɗauka, irin su s da sh da x, sai mutum ya zaci kansa ne ya toshe alhali kunne ne.

Abin da waya ba za ta yi maka ba shi ne ta ce maka ka yi kuskure yadda mutum zai faɗa. Cibiyoyin Confucius da ke koyar da Sinanci a jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka sun yi maka nisa. Amma ɗanka yana da abokan ciniki a can, kuma duk a manhajar saƙo ta WeChat suke magana. Ya roƙi ɗaya ya yarda ka riƙa tura masa saƙon murya sau biyu a mako, jimla uku kacal, ya maimaita maka yadda ake faɗa. Ko ka nemi ɗaya daga yaranmu da suka yi karatu a can suka dawo, akwai su a Kano, ka biya shi ɗan abin da ya sauƙaƙa ya riƙa sauraronka ta waya. Sai dai ka ja kunnen kowa cewa Putonghua kake so, wato daidaitaccen Sinanci na makaranta da rediyo. 'Yan asalin Guangzhou suna da nasu harshen, Kantonanci, wanda ya sha bamban, amma a kasuwa Putonghua zai kai ka ko'ina. Masu tallan Sinanci cikin kwana talatin kuwa, ka riƙe kuɗin fanshonka.

In gwiwa ta yi sanyi, ka kama sashen Hausa na rediyon ƙasar Sin, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1963. Ba don darasi ba. Ka saurari Sinawan da ke magana da Hausa a ciki. Ba a goye suka koya ba, wani lokaci dogon wasali ya gajarce musu, wani lokaci ƙ ta zama k, amma kana gane su sarai, har kana jin daɗin an girmama harshenka. Haka su ma za su ji ranar da ka buɗe baki.

Na san wani a majalisa zai kawo maka zancen "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne". Malaman hadisi da dama sun ce bai inganta ba, don haka kada ka kafa hujja da shi, gemu ba ya hana ilimi ta ishe ka amsa. Amma Musulunci ya daɗe a can. A Guangzhou ɗin da za ka akwai masallacin Huaisheng, cikin mafiya tsufa a ƙasar, wanda mutanen wurin ke danganta kafuwarsa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake masana tarihi suna da ja a kan haka. Musulmin ƙabilar Hui har ajaminsu gare su, suna rubuta Sinanci da baƙaƙen Larabci, ana kiran sa xiao'erjing. Haruffa biyu da nake so su zama na farko a allonka su ne 清真, qīngzhēn, wato halal. Duk gidan abincin da ka gan su a ƙofarsa, galibi masu taliyar Lanzhou da naman sa, ka shiga da bismillah. Ka haɗa da wǒ bù chī zhūròu, ba na cin naman alade.

Wajen gaisuwa, kowa ya san nǐ hǎo, amma akwai nín hǎo ta girmamawa, kuma kai za a fi yi wa ita, don suna ganin girman furfura. In an tambaye ka sana'a ka ce wǒ shì lǎoshī, ni malami ne. Za ka ga yadda fuska ke sauyawa, domin kalmar tana da nauyi a wurinsu, kuma daga nan da ita za su riƙa kiran ka.

Aikin wannan makon guda ɗaya ne. Ka ɗauki wayarka ka naɗi muryarka kana cewa mai gida, mǎi, sannan mai na girki, mài, sau goma-goma. Ka bar shi ya kwana, ka saurara da safe, ka ga ko kai kanka za ka iya raba mai saye da mai sayarwa. In ka raba su, ka turo mini in ji, sai mu shiga ƙirga.